Yammacin da muka je ganin sabbin yaran Greensboro

Tsakiyar Agusta, 2021

Yau ina hutun aiki, don haka muka ci abinci da wuri, muka yi La'asar, na ɗauki ɗana muka nufi cikin gari. Filin besbol na First National Bank yana tsakiyar Greensboro ne, a jihar North Carolina ta Amurka, an buɗe shi a 2005, yana cin mutum wajen 7,500. Mutanenmu 'yan Nijar da ke garin nan da yawa suna wucewa ta gefensa kullum amma ba su taɓa leƙawa ba, don su ƙwallon ƙafa suka sani. Ni ta dalilin yaron nan na shiga harkar besbol, tun da ya fara bugawa da yaran unguwa, yanzu kuwa abin ya kama ni sosai.

Abin da ya fito da mu yau shi ne Henry Davis. A watan jiya, ranar 11 ga Yuli, kwanaki kaɗan kafin Babbar Sallah, aka yi zaɓen sabbin 'yan wasa a Denver, muna kallo a talabijin. Ƙa'idarsu a 2021 ita ce ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Pittsburgh Pirates ta ci wasa 19 ta sha kaye 41 a 2020, saboda haka ita aka ba zaɓin farko, ta ɗauki wannan saurayi mai shekara 21 daga jami'ar Louisville. Grasshoppers ɗinmu kuwa, wato ƙungiyar Greensboro, reshe ce ta Pirates. Tun daren nan ɗana yake tambaya, "Baba, nan za a kawo shi?" To ga shi an kawo shi, bayan ya ɗan taɓa wasa a Florida.

Mun isa ana buɗe ƙofa. Na fi son wannan lokaci a kan wasan kansa, domin a nan ake ganin mutum ba tare da hayaniya ba. Davis mai cafe ƙwallo ne, wato wanda ke durƙushe a bayan mai bugu. Na daɗe ina kallonsa cikin kayan aikinsa: sulke a ƙirji, abin kariya daga gwiwa zuwa idon sawu, ragar ƙarfe a fuska. Gajarta ba ta kama shi ba, tsawo ma bai yi yawa ba, sai dai kauri da faɗin kafaɗa. Aikin nan ya fi kowane wahala a filin. Turmi tara ake yi a wasa ɗaya, shi kuma a kowane turmi yana tsugune, yana tashi, yana komawa, ƙwallo mai gudun da ya wuce mil 90 a sa'a tana faɗa masa a tafin hannu, wadda ta kauce kuma da jikinsa zai tare ta. Shi ne kuma ke nuna wa mai jifa irin jifar da zai yi, da yatsu, a ɓoye tsakanin cinyoyinsa. Ka duba fa: masu jifan nan tun watan Mayu suke tare, sun san juna, shi kuwa jiya-jiya ya zo. Sai ya koyi halin kowa, wanda hannunsa ke gajiya da wuri, wanda zuciyarsa ke tashi idan an buga masa. Kuɗi ba ya saya wa mutum wannan, zama da mutane ne ke ba da shi.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Dala miliyan 6.5 aka ba shi na sa hannu. Abin da ya burge ni shi ne lissafin da ke ciki: adadin da aka ƙiyasta wa gurbin farko ya haura miliyan 8, sai Pirates ta daidaita da shi a ƙasa da haka, ta kwashi rarar ta jawo yaran sakandare da suka riga suka shirya tafiya jami'a. Bubba Chandler, wanda ya yi alkawarin zuwa jami'ar Clemson buga ƙwallon Amurka, an ba shi miliyan 3 ya fasa. Akwai kuma Anthony Solometo, bahago daga New Jersey. Waɗannan suna can Bradenton ta Florida ana renon su, sai nan da shekara ɗaya ko biyu mu gan su a nan idan Allah ya kai mu. Na rubuta sunayensu a ɗan littafin da nake ajiye wa sabbin ɗauka.

Wani dattijo Bature ya zauna kusa da mu, da fensir a kunne da littafin rubuta sakamako a cinya. Ya ga ɗana yana ta nuna Davis, sai ya ce da shi kada ya zuba ido kan mutum ɗaya, ya duba mai tsaron tasha ta biyu, ɗaya daga cikin wuraren da mai bugu ke takawa idan yana zagaye fili. Nick Gonzales ke nan, wanda aka ɗauka na bakwai a 2020 daga jami'ar New Mexico State. Shi ya zo a shekarar da korona ta hana ƙananan ƙungiyoyi wasa gaba ɗaya, ya sa hannu amma babu filin da zai nuna kansa. Bana da aka fara sai ya karye a yatsa, ya yi makonni a zaune. Yanzu ne hannunsa ya faɗa, watan nan kam ya kama wuta. Kusa da shi akwai Liover Peguero ɗan Jamhuriyar Dominika, wanda bai bi ta zaɓe ba sam. Irinsu tun suna shekara 16 ake ɗaukar su daga ƙasashensu. Daga ƙungiyar Arizona aka kawo shi, a musayar da Pirates ta ba da ɗan wasanta Starling Marte.

Dattijon ya ce tun a tsohon fili, War Memorial, yake kallon wasa, lokacin ana kiran ƙungiyar Hornets kuma tana ƙarƙashin Yankees ta New York. A can ya ga Derek Jeter a 1993, yaro siriri, ya yi kuskure 56 a kaka ɗaya wajen tsaron fili. Jeter ɗin nan shi ne za a shigar zauren gwarzayen besbol a Cooperstown watan gobe. Na ji daɗin da ɗana ya ji wannan daga bakin wanda ya gani da idonsa, domin shi idan ƙwallo ɗaya ta kuɓuce masa a wasan yara, sai ya yini bai ci abinci ba.

Muka sayi gyaɗa mai ɓawo, ita ce abin da hankalina ke kwanciya da shi a wurin. Kowa ɓarewa yake yana zubar da ɓawon a ƙarƙashin kujera, babu mai cewa komai.

A bayan mai cafewa akwai wasu mutane zaune a jere, ba sa tafi, ba sa ihu. Kowace jifa sai su ɗaga na'urar auna gudu, su duba, su rubuta. Masu farautar 'yan wasa ne daga wasu ƙungiyoyi. Da na lura da su sai na fahimci cewa yaran nan wasa biyu suke yi a lokaci guda: ɗaya na allo da muke gani, ɗaya na cikin littattafan mutanen can. Ƙungiyar na iya cin wasa amma wani ya koma masauki da baƙin ciki, don gudun jifarsa ya ragu da mil biyu. Ga sabon ɗauka kuma akwai wata matsala ta daban. A jami'a da sandar ƙarfe ake bugu, nan kuwa ta itace ce. Ta ƙarfe tana yafe wa mutum, ko bai sami ƙwallon daidai ba za ta yi nisa. Ta itace idan ka same ta kusa da hannu, sai ka ji ƙas, sanda ta tsage, tafin hannu ya yi zugi. Na ga ɗaya ta karye a turmi na uku, mai ita ya tsaya yana kaɗa yatsu.

Magariba ta yi ana tsakiyar wasa. Muka sami wani lungu can bayan kujeru, na shimfiɗa ƙaramar darduma muka yi sallah. A hanyar dawowa ne muka bi ta wajen da masu jifa na ko-ta-kwana ke zama, kuma a nan hankalina ya fi tsayawa yau. Samari ne a jere kan benci, wasu na hira da Sifaniyanci, ɗaya yana ta miƙa hannunsa da igiyar roba ɗaure a raga. Ba wanda ya sayi tikiti don ya gan su. Mafi ƙarancin albashi a wannan mataki dala 500 ne a mako, shi ma bana aka ƙara shi daga 290, kuma sai a lokacin kaka ake biya. Daga Mayu zuwa Satumba, abin da zai shigo bai wuce dala 10,000 da wani abu ba kafin haraji. Wanda aka ɗauka a zagayen ƙarshe-ƙarshe bayan ya gama jami'a, wani lokaci 'yan dubbai kawai ake ba shi na sa hannu. Mota ɗaya suke shiga da mai miliyoyi, wasa shida a mako, Litinin kaɗai hutu. Rayuwar 'yan ci-rani ce sak: mutum huɗu ko biyar a gida ɗaya, katifa a ƙasa, iyali na nesa, kowa na jiran kira. Na san wannan zaman, shi ya sa ba na iya kallonsu ba tare da zuciyata ta motsa ba. A ganina ƙungiyar da ke iya ba mutum ɗaya miliyan 6.5 ba za ta gaza biya wa sauran kuɗin haya ba.

Gurbin ma ya ƙara ƙunci. Da zagaye 40 ake yi a zaɓe, a 2020 aka yi biyar kacal, bana 20. Ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin manya an rage su zuwa 120, garuruwa da dama sun rasa nasu. Duk sabon yaron da aka kawo, wani ne zai matsa masa, ko dai sama ko gida.

Ɗana ya tambayi dattijon ina Matt Fraizer, wanda ya fi so a farkon kaka. Ya ce masa an ɗaga shi zuwa Altoona a farkon watan nan. Fuskar yaron ta canza. Na yi masa bayanin tsanin: Bradenton, Greensboro, Altoona, Indianapolis, sannan Pittsburgh. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne zai bar mu. Ya ce, "To Baba, idan Davis ya yi kyau shi ma tafiya zai yi?" Na ce ai abin da muke roƙa masa ke nan. Bai gamsu ba, ya yi shiru yana ɓare gyaɗa, amma da aka kira sunan Gonzales ya miƙe yana tafi kamar kowa.

Ba mu jira ƙarshe ba saboda ina da aikin asuba. A mota ya karɓi littafina ya ce sai mun ƙara shafi na waɗanda aka ɗauka daga zagaye na 11 zuwa na 20, tunda na farko-farko kowa ya san su. Da muka iso gida uwarsa ta ce lokacin barci ya yi, don haka muka bar shi sai gobe bayan na taso aiki, mu nemo sunayen a intanet mu ga wanda ke Florida da wanda ake sa ran kawowa nan kafin kaka ta ƙare a watan Satumba.