Robar bamban Marsandi da na yanke

Ina shekara ta uku da fara koyon aikin fanel bita a wani gareji a Birnin Kebbi, wani dattijo daga Argungu, tsohon shugaban makarantar firamare, ya kawo mana Marsandinsa. Samfurin 200 ce, cikin jerin da kamfanin ya sa wa lamba W123, waɗanda aka yi ta ƙerawa a Jamus daga 1976 zuwa 1986. Tasa ta 1982 ce, ke nan ta girmi jihar Kebbi kanta da shekara tara, tunda sai a 1991 aka yanke mu daga Sakkwato. Inji lafiya lau, fenti bai yi komai ba. Baƙar robar nan da ke kwance a tsawon bamban baya, wato ƙarfen nan mai kare mota daga karo, ita ta kawo shi.

Rana ta gama cinye ta. Duk ta tsattsage kamar laka a fadama bayan ruwa ya janye, in ka shafa sai yatsanka ya yi baƙi kamar ka taɓa gawayi. Ɗansa ne ya aiko masa da sabuwa daga kasuwar Ladipo ta Legas, a naɗe kamar gammo, ƙwaya ɗaya tak.

Ranar maigidana yana da ɗaurin aure a Jega. Da zai tafi ya ce mini, "Cire tsohuwar, ka jira ni." Na cire. Sai na duba na ga ai abin ba wuya, roba ce za a tura cikin wata siririyar hanyar ƙarfe da ke manne da bamban, kuma ina so ya dawo ya tarar na gama. Sanyin hunturu ake yi, robar ta sandare, ta ƙi shiga. Na ɗebo baƙin mai na shafa mata, ta fara zamewa. Na kama baki ɗaya na yi ta ja da ƙarfi har ta kai ƙarshe, ta ma yi rara kusan taƙi guda, na sa wuƙa na datse. Tsatsar da na gani a cikin ƙarfen kuwa na goge ta da tsumma kawai, na ce ai roba za ta rufe. Kafin maigida ya dawo har dattijon ya zo ya ɗauki motarsa.

Bayan kwana tara sai ga shi ya dawo. Robar ta koma asalin tsawonta, ta bar gurbi a ɓangaren hagu wanda yatsu uku za su shige, tsakiyarta kuma ta kumbura ta yi laushi. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi maigida ya ce, "Malam, wagga mota tun kafin a haifi yarana take hannuna, ban taɓa bari ta fita da rauni ba." Har yau in na tuna maganar nan jikina yana yin sanyi.

Maigida bai zage ni a gaban mutane ba. Ya ba da haƙuri, ya ce laifin garejinsa ne, ya aika kuɗi daga aljihunsa aka nemo wata, muka jira mako uku. Da ta iso ya ce ni zan sake sawa, shi zai zauna kan benci yana kallo.

Wannan karon sai da muka sauke bamban gaba ɗaya. Notocin baya sun ci tsatsa, na ɗauko sifana zan murɗe ya riƙe mini hannu, ya sa na jiƙa su da kananzir suka kwana. Washegari suka kwance ba wanda ya karye. Da muka kifa bamban a ƙasa na ga abin da na rufe a baya. Shekara da shekaru ƙura tana taruwa a bayan robar, damina ta zo ta jiƙa ta, laimar ta zauna ba ta da mafita, har ƙarfen ya yi ɓawo-ɓawo, wani wurin ma ya huje. Tsatsa kuwa in ta ci ƙarfe kumbura take yi, shi ya sa take turo roba waje. Na kankare da burushin waya, na bi da samfefa, mai walda ya cike inda ya huje, muka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, muka bar shi kwana biyu ya bushe. Aikin da na yi cikin awa ɗaya a karon farko, sai da ya ci mana kwana huɗu.

A nan ne na fahimci abin da baƙin mai ya yi. Yawancin robobin da ke wajen jikin mota an yi su ne don su jure rana da ruwan sama, amma ba sa shiri da duk abin da aka samo daga man fetur. Baƙin mai, giris, gas, duk shanye su suke yi su kumbura. Ruwan sabulu shi ne daidai, yana sa santsi na ɗan lokaci, ya bushe, roba ta kama wurinta. Kananzir ɗin da muka zuba wa notoci ma sai da maigida ya sa na wanke shi tas kafin roba ta matso kusa.

Sandarewar kuma ba da ƙarfi ake maganinta ba. Muka shimfiɗa robar a kan kwanon rufi da azahar, cikin rabin awa ta miƙe ta yi laushi. Ya sa na auna tsakiyarta da tsakiyar bamban na sa alli, na fara daga nan ina dannawa da babban yatsa, kaɗan-kaɗan zuwa dama, sannan zuwa hagu. Inda ta ƙi sai in ɗora guntun katako in ɗan buga. Duk lokacin da hannuna ya fara ja, sai in ji muryarsa daga kan benci: "Turawa aka yi, ba a ja." Kusurwoyi biyun nan inda bamban ya lanƙwasa su suka fi ba ni wuya, yatsuna sai da suka yi kanta. Rarar da ta saura ya hana ni taɓawa sai da ta kwana ta zauna, da safe muka rage ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba.

Akwai masu cewa ɓata kuɗi ne a wahala haka a kan roba. Ni ban yarda ba. Ita ke karɓar gogar babur da baro a bakin kasuwa, kuma farin ƙarfen bamba in ya karce sau ɗaya tsatsa ta sami ƙofa. Bamban irin wannan motar kuwa yanzu sai an sha yawo kafin a samu mai kyau.

Da dattijon ya zo, ya tsuguna ya bi robar da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya tambayi maigida, "Yaron nan ne ya sa?" Maigida ya ce, "Shi ne, Baba." Ya juyo ya ce mini, "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Ya tayar da motar ya kama hanyar Argungu.