Ɗaurin Katakon Fandisho a Kan Dutse

Idan leburori suka nutsa diga ƙasa da mita ɗaya suka ci karo da shimfiɗaɗɗen dutse, mai gida yakan yi murna, a ganinsa kuɗin haƙa ya ragu. Gaskiya ne dutse ya fi kowace ƙasa ɗaukar nauyin gini, amma wahalar tana nan tana jira wajen ɗaura katakon da za a zuba kankare a ciki. Sana'armu ke nan, kuma a nan ake bambanta kafinta da wanda ya ari guduma.

Ba ma taɓa katako sai mun fito da fuskar dutsen tas. A kwashe ƙasa, a ɓamɓare ɓawon da ya ruɓe, a goge da buroshin waya, a wanke. Muna bi da guduma muna saurare: lafiyayyen dutse amonsa a tsaye yake, wanda ya rabu ta ciki kuwa sai ka ji shi kamar ganga, dole a fasa a cire.

Turke ba ya shiga dutse. Don haka muna huda ramuka da inji, mu kafa guntayen rodi a bayan katakon duk bayan santimita 60, mu ɗaure da waya, mu tokare daga waje. Daga sama ake fara awo: a ja igiya, a sa lebur, wato ma'aunin daidaito, bakin katakon ya zo daidai ko'ina. Ƙasan katakon ne ke cin lokaci, domin dutse tudu ne da kwari. Sai a tsayar da allon a inda zai zauna, a ɗora fensir a kan ɗan guntun katako, a riƙa jan shi bisa dutsen yana zana siffarsa a jikin allon, sannan a bi zanen da zarto. Idan yankan ya yi kyau, ko yatsa ba zai shige ba. Ɗan abin da ya rage mukan toshe da kwaɓin siminti mai tauri tun ana gobe zubi.

Masu karya farashi ba sa wannan. Su aza miƙaƙƙen allo, su cusa takardar buhun siminti a kafofin. Da an kunna injin girgiza kankare sai ruwan siminti ya tsiyaye ta ƙasa, tsakuwa ta rage tsirara a daidai inda nauyin gida zai sauka. Mai gidan da ya gama cinikin ragi ba zai gani ba, an riga an mayar da ƙasa. Ga masu katako su ma da nasu halin: ka ce busasshe, a sauke maka ɗanye, kwana biyu a rana ya lanƙwashe. Irin wannan a mota muke mayar da shi.

Inda dutsen ya yi gangare, ana sassaƙa shi hawa-hawa, kowane hawa a miƙe, sannan a ɗinke fandisho da dutsen ta hanyar kafa rodi a ramukan da aka huda a jikin dutsen. Rodi mai milimita 16 yana son rami mai milimita 20, zurfi da tazara kuma injiniya ne ke faɗa. A hure ƙurar ramin, a goge, a sake hurewa kafin a zuba gam ɗin kafa rodi, in ba haka ba ƙurar gam ɗin zai kama, da hannu ma sai a zare rodin.

Ɗanyen kankare ba abin rainawa ba ne, kubik mita ɗaya ya kai kilo 2,400. A kwarin da ya yi zurfi, ƙasan allon ne ke fara buɗewa, shi ya sa muke ƙara tokara a wurin, mu ratsa waya tsakanin allunan biyu.

Abin da ba ma yarda da shi ko an roƙe mu shi ne rabin gida a kan dutse, rabi a kan ƙasa. Ƙasa za ta zauna, dutse ba zai motsa ba, bango ya tsage a mahaɗar. Sai dai a haƙa har dutsen a cike da kankare, ko injiniya ya sake tsari.

Ranar zubi a jiƙa dutsen, amma kada ruwa ya kwanta. Bayan kwana biyu a cire katako, a ci gaba da ban ruwa har mako guda. Ruwan sama kuma bisa fuskar dutse yake gudu, don haka a ɓangaren tudu muna shimfiɗa bututu mai huji cikin tsakuwa kafin a mayar da ƙasa.