Yadda na yi da tarin ɗana a hunturun Marwa

Duk wanda ya zauna a Marwa ta Kamaru tsakanin Disamba da Fabrairu ya san ƙurar nan mai shiga ɗaki ko an rufe taga, to ita ta kama min yaro yana wata 5, tari da majina, da dare ya kama nono ya saki ya tsala kuka don hanci ya toshe ba ya iya tsotso yana numfashi lokaci ɗaya.

Shawara kam na sha ta. Maƙwabciya ta aiko da zuma, surukata kuma ta ce hakin wuya ne a kira wanzami ya cire. Na ce Inna don Allah ki yi haƙuri mu fara kai shi asibiti tukuna, reza a maƙogwaron jinjiri gaskiya raina bai kwanta ba, ga zubar jini ga ƙwayar cuta. Zumar ma ban ba shi ba, ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba saboda botilizim, cutar da ke sa jikin jariri ya saki har numfashi ya gagara.

A asibiti ba a rubuta mana siron tari ba sam, malamar asibitin ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba ba a ba shi maganin tari, hanci za ki gyara. Ta nuna min da serom ɗin nan, ruwan gishiri na 'yan ƙananan robobi da ake saidawa a farmasi: ki kwantar da shi a gefe, ki matsa a ƙofar hancin da ke sama, majinar ta fito ta ƙofar da ke ƙasa kauri guda, ki juya shi ki yi ɗayan. Zai yi ihu kamar ana yanka shi amma wallahi minti kaɗan ya kama nono ya sha ya ƙoshi. Kafin shayarwa da kafin barci nake yi, nono kuma akai-akai, ruwa ko ɗigo ban ba shi ba tunda bai kai wata 6 ba.

Turaren wuta na ajiye, maganin sauro na hayaki ma haka muka koma gidan sauro, girkin itace kuma ban ƙara yi da shi a goye ba. Robb ma ban shafa masa ba, kafur ɗin ciki ya fi ƙarfin jariri.

Abin da ya fi kwantar min da hankali ƙirga numfashi. In ya yi shiru sai in ɗaga rigarsa in sa minti 1 a waya ina kallon cikinsa. Daga wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai 50 ko ya wuce, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko leɓe ya canza launi, to wannan ba mura ba ce kawai, nimoniya ake tsoro, wato ciwon huhu, a hau moto a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Nawa bai kai can ba Alhamdulillah, tarin dai ya ɗan ja lokaci kafin ya sake shi gaba ɗaya.