Notin da ke zaune bisa salansa

Shagona na walda yana nan cikin garin Sakkwato, ni da yara huɗu. Mun fi ƙarfi a aikin salansa: toshe ɓula, canza tukunya, miƙe bututun da rami ya lanƙwasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kukan masu mota ya koma guda ɗaya, wato mota na shan mai. Sau da yawa in na shiga ƙarƙashinta, sai in tarar laifin yana wani ɗan wuri da bai kai tafin hannu ba, inda sensar iska take ɗaure.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera sensar nan, Volvo kuma ta fara sa ta a mota a 1976. Aikinta shinshina hayaƙi. Tana jin yawan oksijin da ya rage bayan mai ya ƙone, sai ta aika wa biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, 'yar wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Biren bos kuwa so yake kashi 14.7 na iska ya haɗu da kashi 1 na fetur. Abin da sensa ta faɗa masa, shi yake bi.

Cikin hunturun bara wani dattijo mai jigila a hanyar Illela ya kawo Toyota 'yar Kwatano. Ya ce, "Maigida, motag ga ta cinye min jari. Sau biyu ina sayen sensa, mi ya rage?" Na ce, "Baba, zauna bisa benci, bari in duba." An taɓa yanke masa bututun gaba lokacin da aka cire abin nan mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, aka jona wani. Wanda ya yi aikin ya manna notin sensa a ƙasan bututu, don nan hannunsa ya fi isa. Na kwance ta, na girgiza kusa da kunnen Baba. Tana ƙas-ƙas kamar tsakuwa cikin gwangwani.

Dalilin shi ne in fetur ya ƙone yana fitar da tururin ruwa. Da asuba, bututu na sanyi, tururin nan yana zama ɗigo ya kwanta a ƙasa. Bakin sensa kuma tangaran ne, hita na gasa shi ya wuce digiri 300 kafin ya fara aiki. Ɗigon ruwa ya taɓa tangaran mai zafi, ya tsage ke nan. Shi ya sa dole noti ya zauna sama da tsakiyar bututu, aƙalla da digiri 10. Yadda nake koya wa yarana: ka ɗauki bakin bututu a matsayin agogo, ka tsaya tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2. Kafin ka huda kuma, ka gwada ko sifana 22 za ta shiga ta juya, ka ga inda waya za ta bi ba tare da ta kwanta kan ƙarfe mai zafi ba.

Waldar ba ta son gaggawa. Ana cire kan batir, a maƙale wayar at ta injin walda kusa da wurin aiki. Sensa mai aiki ba ta zama ciki ana walda, har abada. Wata matacciyar sensa nake ɗaurawa cikin notin, mai zare 18 da 1.5, don kada zafi ya murɗe zaren ko tartsatsi ya faɗa masa. In ɗiga walda wuri huɗu, in duba zamansa, sannan in zagaye. Noti mai tsawo ba na so, domin yana janye bakin sensa daga hanyar hayaƙi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ɓula. Ko kamar bakin allura take, tana tsotso iskar waje. Sensa ta ce mai ya yi kaɗan, biren bos ya ƙara, fulogi su yi baƙi, aljihun talaka ya sha. Don haka in mun gama, a tayar da mota, yaro ya danne bakin salansa da tsumma, ni kuma in shafa ruwan sabulu a kan ɗinkin tun bai yi zafi ba. Kumfa ta tashi, aiki ya dawo baya.

Na toshe tsohon ramin Baba, na buɗe sabo a sama, muka ɗaura sensa ba tare da yanka wayarta ba. Na kuma gaya masa gaskiya: wutar gargaɗi ta dashbod za ta iya kamawa tunda babu indomi, wannan walda ba ta maganinsa. Ya ce ya ji, shi dai mai ne damuwarsa.

Bayan sati biyu ya tsaya bakin shago da fasinja cike da mota, bai ko kashe inji ba. Ya miƙo ledar albasa ta taga, ya ce a raba wa yara.