Sabulun da ya cinye min wata huɗu

Har yau idan na buɗe firijin ɗakin gwajinmu sai raina ya sosu. Wata huɗu na aikin digirina na biyu a cikinsa suka salwanta, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, da hannuna na jera kwalaben.

Aikina shi ne in ɗauki tantanin da ke lulluɓe da zuciyar shanu, in wanke ƙwayoyin halittar da ke cikinsa tas, in bar saƙar da suke zaune a kai, wato kolajin da ilastin da sauran zaruruwa. Ni tsaiko nake ce wa saƙar nan, wadda ake so sababbin ƙwayoyi su zauna a kanta don a yi wa majinyaci faci da ita. A yaye bunu daga kan ɗaki, itacen yana nan, a baibaye shi da sabon shuci. Da yawa daga irin wannan kaya da ake sayarwa a waje da hanjin alade ko mafitsararsa ake yi, kuma kun san tambayar farko da majinyacinmu zai yi. Shanu kuwa kullum ana yankawa a Zariya, ga shi tantanin zuciyar sa an daɗe ana ɗinka bawul ɗin zuciyar mutum da shi.

Da an idar da sallar asuba nake zuwa mahauta da kula cike da ƙanƙara. Ranar farko mahaucin ya dubi abin da na nuna, ya ce, "Malama, wannan ai ko mai tsire ba ya so." Da na yi masa bayani sai ya ce, "To ai jima kike yi." Na yi dariya, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Majemi ma gashi da tsoka yake cirewa ya bar kolajin. Bambancinmu, shi yana zuba bagaruwa don kada wani abu mai rai ya sake zama a fatar, ni kuma so nake mai rai ya zo ya tare.

Cire ƙwayoyin bai ba ni wahala ba. Na daskarar, na narkar, na jiƙa a wani sabulun ɗakin gwaji da ake kira SDS mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari kwana guda a kan injin girgiza, na bi da sinadarin da ke daddatsa DNA, wato sinadarin gado da ke cikin cibiyar kowace ƙwaya. Tantanin ya fito fari sol. A madubin likita babu cibiyar ƙwaya ko ɗaya. Ma'aunin da masana Crapo da Gilbert da Badylak suka kafa a 2011, cewa DNA ya gaza nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen tsaiko, na tsallake shi. Har hoto na tura wa Inna, ta ce kamar an wanke tumbi.

Saura ɗauraya. Ƙarshen damina ne, watan Satumba, funfuna na fitowa har a jikin takalmi, ni kuma tsoro nake ji kada tantanin ya ruɓe min. Sai na yi dabarar da a lokacin na ga ta kai dabara: na tsamo shi daga SDS, na jefa kai tsaye cikin ruwan gishirin PBS, na tura firiji mai digiri 4. Kwana uku ina sauya ruwa. Na ga wani farin gari-gari a gindin kwalba, na ce ai tarkacen nama ne. Na girgiza, babu kumfar kirki, na ce sabulu ya fita.

SDS sabulu ne, shi ne ke sa man goge baki da yawa yin kumfa. Yana da hali biyu da duk na karanta a aji na manta. Sanyi yana sa shi ya sandare ya fita daga ruwa, haka ma idan ya haɗu da fotashiyam. PBS kuwa da fotashiyam a ciki. Na haɗa masa biyun a kwalba ɗaya. Sai ya kwanta luf a tsakanin zaruruwan, ruwan ɗaurayata yana wucewa ta kansa. Ranar da na shuka ƙwayoyin fata na shanu a kan tantanin na saka a akwatin reno mai digiri 37, ɗumi ya narkar da shi, ya shiga aikin da ya iya, fasa ƙwayoyin halitta.

Washegari waɗanda ke kewaye da tantanin duk sun dunƙule suna yawo a ruwa. Na ɗiga musu shuɗin tirifan, rinin da matattun ƙwayoyi kaɗai ke sha, suka sha shi gaba ɗaya. Na ramin gefe a farantin reno, da ba su ga tantani ba, suna nan lafiya lau sun miƙe ƙafa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na zargi barasar da na kashe ƙwayoyin cuta da ita. Zagaye na biyu na zargi ruwan jinin maraƙin da ake ciyar da su, wanda da dala ake sayensa, a kan ƙanƙara yake zuwa daga Legas. Na sayi sabo da kuɗin da Yaya ya aiko min na haya. Zagaye na uku har akwatin renon na sa aka duba. Kowane zagaye makonni nake yi ina renon ƙwayoyi kafin su isa shuka, kuma kowane sabon tantani ta firijin nan yake bi, domin ɗauraya ita ce matakin da ban taɓa tuhuma ba.

Hunturu ne ya tona asirin. Wata safiya a Janairu, sanyin Samaru na shiga ƙashi, na tarar kwalbar SDS da ke kan benci ta yi fari kamar an dama koko. Na ɗauka zan zubar. Dattijon da ke kula da kayan ɗakin gwajin ya ce, "'Yata, ajiye. Ba ki san shi da sanyi ba sa ga maciji ba?" Ya tsoma ta a ruwan ɗumi, ta washe tar. Na ce, "Baba, to idan a firiji ne fa?" Ya dube ni ya yi shiru. Na nemi kujera na zauna.

A ranar na yi gwajin da ya kamata in yi tun Satumba. A jiƙa yankin tantani a ruwan ɗumi, a haɗa ruwan da wani rini, shuɗin metilin, a zuba kulorofom, wani sinadari da ke kwanciya a ƙarƙashin ruwa, a girgiza. Idan akwai SDS, zai ja shuɗin ya sauka da shi cikin kulorofom ɗin da ke ƙasa, sai a auna ƙarfin shuɗin da na'ura. Nawa ko na'ura bai buƙata ba, ya yi shuɗi kamar an tsamo daga marina. Gwajin bai ci min awa guda ba, kuma kayansa na cikin kabad tun ranar da na fara.

Abin da ya fi ƙona min rai, takardar Harald Ott da Doris Taylor ta 2008, wadda suka wanke zuciyar ɓera a Jami'ar Minnesota suka shuka mata sababbin ƙwayoyi har ta fara bugawa, na karanta ta ban san adadi ba. Hoton farar zuciyar nake kallo. A ciki kuwa sun rubuta cewa bayan SDS ruwa zalla suka fara bi da shi, sannan wani sabulu mai sauƙi, Triton X-100, sai daga ƙarshe PBS mai maganin ƙwayoyin cuta na kwanaki. Da na kai wa malamina labari, cewa kawai ya yi, "Kin rubuta zafin ruwan ɗaurayar a littafinki?" Ban rubuta ba. Shi ya sa sau uku yana duba littafin bai ga komai ba.

Yanzu ruwa zalla nake farawa da shi, a kan benci, injin girgiza na aiki, ina sauyawa har in gaji. Sai Triton, sai ruwa kuma, PBS a ƙarshe. Tsoron ruɓewa maganin ƙwayoyin cuta ne ke kashe shi, ba firiji ba. Ba na yarda da rashin kumfa. Sai shuɗin metilin ya nuna ruwan jiƙon daidai yake da ruwan da bai taɓa tantani ba, sannan in ɗiga shi kan 'yan ƙwayoyi a rami ɗaya su kwana, kafin in saka sauran a haɗari.

Zagaye na huɗu suka kama. Da aka yanka aka rina, ga su jere a saman tantanin, sirara masu tsini biyu. Ba su nutsa ciki ba tukuna, saƙar tantanin zuciya a matse take, kuma wannan shi ne ciwon kan da nake ciki yanzu. Ranar Asabar zan koma mahauta, mutumina ya ce zai ajiye min guda shida.