Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙwayar da Ke Kwance a Hanjin Mai Lafiya

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a farkon zamana a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta. Yau labarina zai dakata, domin sai an san aikin kansa kafin a fahimci abin da ke tafe.

Mutum yana iya zama garau, yana zuwa gona yana zuwa kasuwa, alhali hanjinsa na ɗauke da ƙwayar cutar E. coli ko Klebsiella wadda magani ya daina ci. Tana fitar da sinadarin da muke kira ESBL, mai karya ampisilin da seftiriyazon, allurar nan da ake ɗirka wa jama'a a kemis da sunan taifot. Muddin tana hanji ba ruwanta da mai ita. Ranar da ta tsallaka mafitsara ko jini, a nan ake jin jiki.

Ga yadda muke farauto ta. A ɗebi ɗan bayan gida da tsinken auduga, a shafa a farantin MacConkey, wato abincin da ake rainon ƙwayoyin cuta a kai, da aka zuba wa maganin sefotazim, a rufe a injin ɗumi mai zafin digiri 37 na awa 18 zuwa 24. Masu jin magani ba sa tsirowa. In da safe ka ga ɗigo-ɗigo ja-ja sun fito, to ka sami abin zargi. Sai a dama su a ruwan gishiri daidai kaurin McFarland 0.5 (ma'aunin yawan ƙwayar a ruwa), a shimfiɗa a wani farantin raino mai suna Mueller-Hinton, a ɗora 'yan takardun magani biyu: ɗaya sefotazim zalla, ɗaya haɗe da kilabulanik, sinadarin da ke hana ESBL aiki. Washegari a sa rula. In faɗin fegin da ƙwayar ta kasa tsirowa kewaye da takarda ta biyu ya zarce na farko da milimita 5 ko fiye, ESBL ce.

Inda ake yin ɓarna kuwa, mafi yawa wuta ce. A ɗauke ta cikin dare, injin ya huce, ƙwayar ta ƙi girma. Kilabulanik kuma ba ya jure zafi da laima. In firij ya mutu, takardar ta zama fanko, sai a rubuta "babu" ga mutumin da yake da ita. Haka ma in farantin ya wuce kaurin milimita 4, ma'aunin ya ruɗe.

A Maraɗi an bincika yara masu tamowa mai tsanani, aka wallafa a 2011: kusan kashi 31 cikin ɗari sun zo asibiti da ita tun daga gida. Ruwan sha mara tsabta, bahaya a fili, hannun da bai ga sabulu ba, kafson da ake haɗiya kan kowace gudawa, har da wanda ake zuba wa kaji a ruwa, su ke yaɗa ta.

Mai ɗauke da ita lafiya lau ba a ba shi magani. Wanda ta shiga wa jini ne ake nema wa maganin meropenem, mai tsadar gaske. Yadda iyalai ke haɗa kuɗinsa, shi za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.