Godiya ga jama'ar tsohuwar majami'ar Wusasa

A madadin ɗalibaina masu nazarin tsara gine-gine, ina miƙa godiya ga shugabanni da dattawan Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, Zariya, waɗanda suka buɗe mana tsohon gininsu ranar Asabar, suka bar mu muna awo da zane tun da hantsi har la'asar ba tare da sun nuna ƙosawa ba.

An gina majami'ar a 1929, lokacin da 'yan mishan na CMS, ƙungiyar yaɗa addinin Kirista ta Cocin Ingila, suka tashi daga cikin birnin Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dokta Walter Miller, ya daɗe yana zaune, suka koma gindin dutsen Wusasa. Ba su kwaikwayi majami'un Ingila ba. Ginin ƙasa suka yi irin na gida, da tubali da azara. Duk wanda ya san bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya ɗaga kai a nan zai gane cewa sana'ar ɗaya ce. Mun shiga rana tana tsaka, sai muka tarar da sanyi kamar a gindin randa, har wani ɗalibi ya dafa bango yana auna kaurinsa da kamun hannu.

Godiya ta musamman ga Baba magini, wanda ya tsuguna ya zana mana a ƙasa yadda ake jera azara a yi bakan gizo, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Abin da na yi mako uku ina bayani a allo, Baba ya gama shi da tsinke kafin shayinsa ya huce. Allah Ya ƙara masa lafiya.

Tun 1979 ƙasar nan take da hukumar da doka ta ɗora wa kula da gidajen tarihi da tsofaffin gine-gine, kuma ina roƙonta ta riƙa waiwayar Wusasa, domin ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da toshe tsaga kafin kowace damina. A ganina, 'yan majami'ar da suka riƙe wannan aiki kusan shekara 100 su ne suka fi cancantar yabo.

Mun yi alkawarin kawo wa majami'ar kwafin duk zanen da muka yi da zarar an kammala shi. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.